Littafin Yaya da Auta, yadda aikin ke tafiya

4 ga Janairu

Yau dai na buɗe sabon fayil na rubuta Babi na 1 a sama, bayan kusan shekara biyu labarin nan yana min yawo a ka. Zan dinga ajiye bayanin aikin a nan dan in na waiwaya in san inda na tsaya da inda na ɓata lokaci.

Labarin a taƙaice wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, iyayen sun rasu, babban shi ya riƙe ƙaramin tun yana ɗan shekara 11. Ƙaramin yana da 26 ƙodarsa ta daina aiki aka fara masa wankin ƙoda, babban mai 35 ya je gwaji aka ce tasa za ta yi. Inda gizo ke saƙar shi ne babban yana da hawan jini wanda ba wanda ya sani sai shi kaɗai, a ɓoye yake shan magani, kuma ya san da ya buɗe baki ya faɗa likitoci za su cire sunansa. Ga mata ga 'yar ƙaramar yarinya. Sai ya zaɓi ya yi gum. Ban raɗa musu suna ba tukuna, a takarda Yaya da Auta nake ce musu kuma har bakina ya fara sabawa.

Tsarin da na yi: babi 24, kowanne kalma wajen 2,500, in dinga rubuta 600 kullum da sassafe kafin in fita aiki. Yau na yi 740.

7 ga Janairu

Babi na 1 ya ƙare. Na fara da ranar da Auta ya faɗi a wajen aiki, ban fara da yarintarsu ba, yarintar za ta dinga shigowa kaɗan kaɗan.

12 ga Janairu

Yau ko layi ban rubuta ba, karatu na yi, kuma ban yi da na sani ba. Na koma kan dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, ashe ma tsakanin 'yan uwa biyu aka yi shi. Ranar 23 ga Disamba 1954 ne a Boston ta Amurka, tagwaye ne Ronald da Richard Herrick suna da shekara 23, Richard ne ba lafiya Ronald ya ba shi, likitan da ya jagoranci aikin Joseph Murray wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1990. Lokacin babu magungunan da ake sha yanzu dan hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, shi yasa sai da aka tabbatar tagwayen na ƙwai ɗaya ne, har zanen yatsunsu aka duba, aka kuma yanki 'yar fata daga jikin ɗaya aka liƙa wa ɗayan a ga ko za ta kama. Ta kama. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya, ya auri nas ɗin da ta yi jinyarsa suka haihu, Ronald kuwa da ƙoda ɗaya ya rayu har 2010.

Nawa ba tagwaye bane, toh sai na duba yadda abin yake ga wa da ƙani. Cikin 'yan uwa ciki ɗaya, damar ƙwayoyin halittar da ake dubawa su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu, rabin dacewa biyu cikin huɗu, sauran ɗayar kuma ba dacewa. Na yanke Yaya zai zama mai cikakkiyar dacewa, saboda ina so ya zama ba shi da wata ƙofar fita ta mutunci, kowa a asibitin yana masa murna shi kuma cikinsa na ƙugi.

15 ga Janairu

Babi na 2 da rabin na 3. Ba matsala.

21 ga Janairu

Na kai wa wata antina babi huɗu na farko, nas ce ta daɗe a sashen wankin ƙoda. Na yi zaton za ta gyara min kalma biyu uku ne, sai ga takardun sun dawo duk jan biro. Tace "ƙanena labarinka akwai kama zuciya amma ɗakin nan da ka rubuta ba ɗakinmu bane."

Na farko, na sa Auta yana zuwa wanki sau ɗaya a sati yana tashi garau yana tafiya harkokinsa. Tace yawanci sau uku ne a sati, kowane zama wajen awa huɗu, kuma da yawa in sun sauka daga injin jiri ne da kasala da ɗaurewar tsoka, wani sai ya kwana kafin ya dawo daidai. Na biyu, na sa Yaya yana miƙa masa ruwa kofi bayan kofi wai alamar kulawa, tace wannan ai cutarwa ce, mai wankin ƙoda ana ƙayyade masa ruwan da zai sha saboda jikinsa baya iya fitarwa, ana auna nauyinsa kafin a ɗora shi da bayan an sauke shi dan a san ruwan da ya taru, ƙishirwa na cikin manyan azabar da suke sha, wasu ƙanƙara suke tsotsa dan su yaudari maƙogwaro. Na uku, hannun. Tace likita na haɗa jijiyoyi biyu a hannu ta tiyata, a jira makonni wajen ya nuna kafin a fara soka allura, allura biyu kowane zuwa, kuma in ka ɗora yatsa a wajen za ka ji yana zirr zirr kamar waya na rawa a ƙarƙashin fata, ana koya wa marar lafiya ya dinga taɓawa kullum dan in ya ji shiru akwai matsala. Ba a ɗaukar jini ko awon jini a wannan hannun. Na huɗu kuma wanda da ya fita a littafi da ya zama babban kuskure, na rubuta a tsarin babi na 20 cewa za a cire wa Auta tsofaffin ƙodojinsa a sa sabuwa a gurbinsu, tace galibi ba a taɓa su, a can ƙasan ciki ta gaba ake dasa sabuwar.

Na tambaye ta kan ginshiƙin labarin, anya mutum zai iya ɓoye hawan jini a gwajin masu bayarwa? Tace ba abu ne mai sauƙi ba dan ba awo ɗaya ake yi ba, akwai jini akwai fitsari akwai hoton ƙoda da na zuciya, wani har na'ura ake ɗaura masa ta yini da kwana tana awo, amma in ciwon sabo ne bai riga ya bar tabo ba kuma mutum na shan magani a ɓoye zai iya zillewa. Tace kuma in sani hawan jini da ciwon suga su ne manyan abubuwan da ke kashe ƙoda, toh matashi mai hawan jini wanda ƙaninsa ma ƙoda ce ta kwantar da shi, da wuya wani likita ya yarda ya taɓa shi. Abin da nake buƙata kenan. Wannan zirr ɗin kuwa tun a hanyar dawowa na san inda zan sa shi, Yaya zai dinga taɓa hannun Auta in yana barci.

24 ga Janairu

Gyaran babi na 2 zuwa na 4. Na goge wajen kalma 1,900 na rubuta sababbi. Ruwan ya koma ƙanƙara ɗaya a cokali.

2 ga Fabrairu

Raina a ɓace yake, sai da na yi kwana biyu kafin na iya rubuta wannan.

Fayil biyu gare ni masu suna iri ɗaya, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filash, na filash ɗin tun ranar 24 ban sabunta shi ba. Shekaran jiya da dare nace bari in yi ajiya tunda na gama babi na 7, ina jin barci, sai na jawo na filash na kai kan na kwamfuta a maimakon in yi akasin haka, ta tambaye ni in maye gurbin wanda ke nan, na danna eh ko karantawa ban yi ba. Da safe na buɗe dan in ci gaba na gangara ƙasa sai na ga rubutun ya tsaya a ƙarshen babi na 4, a daidai inda Auta ke cewa a kashe fitila. Na rufe na sake buɗewa har sau uku. Na duba kwandon shara, na duba imel ko na taɓa tura wa kaina, babu. Babi na 5, 6 da 7, kalma 7,300, kwana takwas na tashin sassafe.

Na kai wa mai gyara ya riƙe ta yini guda, ya sa manhajar tono fayil, abin da ya fito gutsattsari ne na wani tsohon kwafi da wasu alamomi da ba sa karantuwa, sakin layi huɗu kawai na tsira da su. Kuɗin aikinsa daga cikin abin da nake tarawa na mai tace rubutu na cira, ga shi ba a samu komai ba, amma ba laifinsa bane ya faɗa min tun farko abin da aka rubuta wani a kansa da wuya ya dawo.

Wanda ya fi min ciwo babi na 6 ne, inda Yaya ke zaune a mota a bakin asibiti yana ɓare ƙwayoyin daga fakitinsu yana zubawa a wata 'yar roba da ba rubutu, yana ninke fakitin ƙanana ƙanana yana neman inda zai jefar. A zama ɗaya na rubuta shi kuma na san ya fito yadda nake so. Ina tuna abin da ya faru a ciki amma jimlolin sun tafi.

Daga yau kowane fayil da kwanan wata a sunansa, kuma kullum kafin in tashi daga kujera sai na tura wa kaina ta imel.

5 ga Fabrairu

Na sake babi na 5. Ya fi na da gajarta.

9 ga Fabrairu

Na 6 da na 7 sun dawo. Na 6 bai kai na farko ba a jina, na bar shi haka in wuce, in na tsaya neman wancan ba zan motsa ba. Jimilla yanzu 17,600, na koma baya da wajen sati ɗaya a kan tsarin.

16 ga Fabrairu

Na buga babi takwas a takarda, shafi 71, tawadar firinta ta ƙare a shafi na 60 sai da na sayo wata, na kai wa yayana. Shi ba mai karatun labari bane kuma da gangan na zaɓe shi. Kwana huɗu suna wajensa bai ce min komai ba, jiya na kasa haƙuri nace Yaya ka duba kuwa? Ya ɗauko takardun ya buɗe babi na 8 inda Yayan labarin ke riƙe hannun Auta yana masa dogon jawabi, kai ne rayuwata, zan ba ka numfashina, shafi ɗaya da rabi. Ya ɗora yatsa a kai yace "kai tun da kake ka taɓa jin na maka irin wannan maganar?" Nace a'a. Yace "toh lokacin da ka kwanta asibiti me nake ce maka?" Na yi shiru ina tunani, sai na tuna ba abin da yake cewa sai ka sha maganin, matsa in gyara maka filo, da faɗa in ya ga ina danna waya da dare. Kwana tara ya yi a kan kujerar roba a gefena kuma ko sau ɗaya bai ce min ya damu ba.

Yace kuma wani abu da ya tsaya min, wai Yayan nan naka baya jin haushi ne? Mutum ya riƙe yaro tun yana 20, ya bar karatu saboda shi, yanzu kuma ga wannan, ko sau ɗaya bai ji a ransa ina ma ba shi bane? Yace in bai taɓa ji ba toh ba mutum ka rubuta ba. Ban tambaye shi ko shi ya taɓa ji a kaina ba, shi ma bai ƙara komai ba, ya miƙo min takardun yace in gama zai karanta sauran.

Na dawo na yanke jawabin gaba ɗaya. Abin da ya rage a wajen layi uku ne, Yaya ya shigo ya taɓa hannun ya ji zirr ɗin, yace wa Auta ka rage surutu da nas ɗin nan ka bar su su yi aiki, ya fita.

19 ga Fabrairu

Na ƙara wani guntu a babi na 3, Yaya a banɗaki yana zagin ƙaninsa a zuci na minti ɗaya, sannan ya wanke fuska ya fito ya ɗauki jakar asibiti. Babi na 9 ya tafi lafiya.

27 ga Fabrairu

Sati guda ina fama da babi na 10 da 11, yau na yanke hukunci na cire su. Dama na shigo da wani dillali ne da ya tari Yaya yace akwai mai sayar da ƙoda in zai iya biya, sai Yaya ya ɗauki kuɗin wajen aikinsa, 'yan sanda su shigo, a yi ta gudu. Na yi karatu a kai sosai, cinikin sassan jiki haramun ne a dokar kusan duk ƙasashen duniya, har sanarwa likitocin dashe suka fitar a Istanbul a 2008 kan fataucin da yawon zuwa wata ƙasa sayen ƙoda, kuma wanda ake cuta a cinikin kullum talakan da ya sayar ne. Magana ce babba da ta cancanci littafinta daban. Amma a nawa tun da dillalin ya shigo na daina jin 'yan uwan, labarin ya koma wa zai kama wa, kuma ya ba Yaya hanyar da ba sai ya sa jikinsa ba, alhali duk nauyin littafin a jikin nasa yake. Kalma 5,100 na kwashe na ajiye a wani fayil daban. Da na sake tsarin, babi 24 sun koma 21.

3 ga Maris

Inaga yau na gano abin da ke damun littafin tun farko.

Bayan cire dillali sai tsakiyar ta zama fayau, Yaya na ɓoyewa Auta na kwance, Yaya na ɓoyewa Auta na kwance, ba abin da ke motsi. Na koma kan bayanan da na rubuta ranar 12 ga Janairu na tagwayen nan sai na ci karo da wani abu da na rubuta a gefe na manta, a daren da za a wayi gari a yi aikin Richard, wato marar lafiyar, ya aika wa Ronald 'yar takarda yana ce masa ya fita daga asibitin ya tafi gida. Mutumin da ke bakin mutuwa shi ke korar wanda ya zo ceton sa. Na daɗe ina kallon layin. Babi tara na rubuta kuma Auta bai zaɓi komai ba ko sau ɗaya, kaya ne kawai a kan gado ana jinyarsa ana tausaya masa, duk amanar na ɗora ta a gefe ɗaya.

Toh ga yadda zai kasance. Saura kwana 12 aiki, Auta na neman caja a aljihun motar Yaya sai ya ci karo da 'yar robar nan marar rubutu. Shi kuwa ya fi kowa sanin ƙwayar hawan jini dan shi ma yana sha, da ganin siffarta ya gane. Daga nan littafin ya koma hannunsa. In ya faɗa wa likita an fasa aikin, ya koma kan injin sau uku a sati ba ranar fita, kuma ya tona asirin mutumin da ya raine shi. In ya yi shiru ya samu lafiya da ƙodar da wataƙila ita 'yar Yaya za ta nema wa ubanta nan da shekara 15. Kuma ba zai iya tambayar Yaya ba dan ya san amsar, zai ce masa ba ruwanka. Su biyun kowa na ɓoye wa ɗan uwansa abu saboda ɗan uwan, suna zaune a mota ɗaya.

Na rubuta wajen motar yau, kalma 1,850 ban tashi ba. Auta ya mayar da robar inda take, Yaya ya dawo ya tada mota yace ka samu cajar, yace eh.

Abin da wannan ke nufi shi ne daga babi na 10 labarin zai dinga fitowa ta bakin Auta, na 1 zuwa na 9 kuma sai na koma na ba shi rai, ya zama yana da abin da yake so da abin da yake jin kunya, har da yadda godiya ke gajiyar da mutum in kullum shi ake yi wa.

10 ga Maris

Babi na 10, 11, 12. Rubutun na gudu. Jimilla 30,400.

14 ga Maris

Aiki ya min yawa kwana uku ban taɓa ba. Yau 400 kawai.

22 ga Maris

Na koma wajen anti da tambaya ɗaya, in Auta ya je ya faɗa, me likitoci za su ce wa Yaya? Tace mai bayarwa ana ganinsa shi kaɗai ba tare da marar lafiya ko dangi ba, a tambaye shi ko matsa masa aka yi, kuma yana da damar janyewa har zuwa ranar aikin, in ya janye ko aka cire shi ba a faɗa wa dangi dalili, abin da za su ji kawai bai dace ba. Wannan ya buɗe min wata hanya, ana iya sake wa Yaya gwaji a cire shi ba tare da ya taɓa sanin wa ya yi magana ba. Sai dai Yaya ba yaro bane, zai duba aljihun mota ya ga robar ba a yadda ya ajiye ta take ba.

Matar Yaya ma na gane na zalunce ta, babi 14 tana kawo kaya tana mayarwa kawai, alhali ita ce za ta zauna da abin da zai biyo baya. Zan ba ta babi na 16 sukutum, kuma inaga ta riga kowa sani.

30 ga Maris

Babi na 16 ya gama, jimilla 40,900. Saura biyar.

Ƙarshen ne har yanzu ban tsayar ba. Na rubuta guda biyu a taƙaice, a ɗaya Auta ya shiga ofishin likitan, a ɗayan ya kai bakin ƙofa ya juya. Duk wanda na karanta sai in ji ɗayan ne gaskiya. Abin da na tabbatar kawai ba zan kawo wata ƙoda daga sama a shafin ƙarshe dan in kuɓutar da su ba, kuma ba zan kashe kowa dan in huta da zaɓin ba.

Shirin wata mai kamawa: in gama babi na 17 zuwa 19 kafin 15 ga Afrilu, su ukun duk ɗaya suke ko wane ƙarshen na ɗauka. Sannan in rubuta ƙarshen biyu cikakku in ba yayana da anti kowa daban ba tare da na faɗa musu akwai wani ba, in ji abin da kowa zai ce. Mai tace rubutu sai na ɗaga zuwa Yuni dan kuɗin da na taɓa bai dawo ba. Sunaye kuma dole in raɗa kafin nan, duk da yayana yace in bar su Yaya da Auta haka nan. Gobe babi na 17, daren da ya rage kwana uku, Auta ya farka ya tarar da yatsun Yaya a kan hannunsa ya yi kamar barci yake.